Zare a gaba ko zare a baya? Musun madubin saiti da farautar garinmu

Makon jiya a ɗakinmu na hostel an raba dare ana musu a kan abin da babu ko ɗaya daga cikinmu da ya taɓa riƙewa: madubin saitin da ake ɗaura wa bindigar farauta. Wani ya kalli bidiyon maharban Amurka a YouTube, wani kuma duk iliminsa daga PUBG ya samo shi. Ni da na tashi a gidan farauta tsakanin Kankia da Kusada na yi shiru, don ban san me ake nufi da FFP da SFP ba. Sai da na je na karanta, kuma yanzu ina da ra'ayi.

Cikin madubin akwai siraran layuka da suka gitta juna, waɗanda maharbi ke ɗorawa a kan abin da zai harba. Bari mu kira su zaren saiti. Akwai kuma gilasan da ke ƙara girman hoto idan an murɗa. Duk rigimar a kan inda aka sa zaren ne. In yana gaban gilasan, shi ne FFP: kana ƙara girman hoto zaren na girma tare da shi. In yana bayansu, shi ne SFP: hoto ya girma ko ya ƙanƙance, zaren na nan yadda yake.

'Yan Safiyo da 'yan Sibil za su gane wannan da wuri. A na'urar awon tudu da gangare da muke fita fili da ita akwai gajerun layuka biyu, sama da ƙasa. Ka karanta tazararsu a jikin sandar awo, ka ninka sau 100, ka sami nisa. Lissafin na fita daidai ne saboda ƙarfin gilashin na'urar ba ya canzawa. To shi madubin bindiga ana murɗa shi. Mai zare a gaba, alamominsa na awon nisa da faɗuwar harsashi daidai suke a kowane mataki. Mai zare a baya kuwa a mataki ɗaya kawai suke gaskiya, galibi na ƙarshe. Shi ya sa masu harbin nesa ke son na gaba, kuma shi ya sa ya fi tsada. Aibinsa shi ne in ka rage girman hoto, zaren ya kan sirance har ya kusa ɓacewa, musamman da asuba ko gab da magariba.

Abokaina duk na gaba suka zaɓa, wai ya fi zamani. Ni na ce na baya, kuma a bar shi a ƙaramin mataki. Dalilina ba a intanet na samo shi ba.

Wai shin ina ne dajin namu? Wanda ya bi hanya daga Kankia zuwa Kusada ya san gonaki ne ke bin gonaki, sai ƙauyuka, sai burtali. Farautarmu ta rani ce, bayan an kwashe dawa da gero an bar kara a tsaye ko a tare. Abin da ake samu zomo ne, da fakara, da zabin daji, da gafiya, wani lokaci kurege. Babu ɗayansu da ake harbi daga mita 400. Zomo daga ƙarƙashin ƙafarka yake tashi, kuma kare ne ke yin rabin aikin. Alamomin awon nisan da ake biyan kuɗi masu yawa saboda su, a nan ado ne kawai.

Ga kuma abin da bidiyon ba ya faɗa. Duk lokacin da ka ninka girman hoto sau uku, faɗin abin da kake gani ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. Kana ganin idon zabuwa tar, amma ba ka ganin abin da ke gefenta. Ina ɗan shekara 12 na bi kawuna wata safiya cikin hunturu. Ya ɗaga bindigar tokarsa kan garken zabi, ni har na toshe kunne, sai na ga ya sauke. Haushi ya kama ni. Da haɓa ya nuna mini: can bayan tarin kara wata yarinya ce ta sunkuya tana tsintar itace, kallabinta kaɗai ke motsi. Ido biyu buɗe ya gan ta. Da ta cikin bututu yake leƙe a mataki na tara, wallahi ban san yadda ranar za ta ƙare ba.

Na san za a ce ai bindigar kawuna ba ta ma buƙatar madubi, tunda albarushi da ƙananan ƙarafa ake ɗura mata, watsawa take yi a kusa. Gaskiya ne. Irin wadda ake ɗaura wa madubi, dokar makamai ta 1959 ta ce sai da lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Kuma a Katsinar yau, inda matsalar 'yan bindiga ta sa har gwamnatin Dikko Radda ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, wa zai tsaya ya tambaye ka ko zomo ka fito nema in ya hango ka da doguwar bindiga mai madubi? Ba mu manta da Uromi ba, a watan Maris na 2025, inda aka kashe matafiya 16, mafarauta masu komawa Kano yin sallah, bayan an ga bindigogin gargajiya a motarsu.

Saboda haka ga wanda Allah ya hore wa lasisi da kuɗi, kuma a irin ƙasarmu zai yi farauta, shawarata ya ɗauki mai zare a baya. Zarensa na fitowa sosai ko haske ya yi ƙasa, kuɗinsa da sauƙi, kuma ba ya ruɗin mutum ya riƙa murɗawa yana neman nesa. Mai zare a gaba a bar wa masu gasar harbi a filin da aka killace.

Da na je gida hutun ƙarshen mako na nuna wa kawu hotunan biyun a waya, na yi masa bayani iya iyawata. Ya juya wayar, ya kanne ido ɗaya ya duba, sannan ya miƙo mini ya ce in tambayi malamanmu ko akwai wanda ke nuna abin da ke bayan kara.