Dodon Roba da Tsoron Masu Bi

Akwai wata koyarwa da ake ji a bakin wasu masu wa'azi, wadda ta cancanci a ƙi ta a fili. Suna cewa fina-finan ban tsoro da matasa ke kallo a gidajen kallo da wayoyin hannu, musamman masu nuna halittun da suka ɓullo daga wata duniya, da taimakon aljanu aka yi su. Wai dodon da ke ciki aljani ne na gaske da aka ɗauki hotonsa, wai kuma yakan bi mai kallo har gida. Masu faɗin haka suna da kyakkyawar niyya, gama suna so su kāre yara. Amma maganar ba gaskiya ba ce, kuma ƙarya ba ta zama tsarkakakkiya don an faɗe ta a cikin majami'a.

A fara da tushen abin. Kowane abu a duniya yana da awo uku: tsawo, faɗi da kauri. Masana lissafi sun daɗe suna tambaya ko za a iya samun awo na huɗu wanda idon mutum ba ya gani. A shekarar 1884 wani limamin ikkilisiyar Ingila, Edwin Abbott, wanda kuma shugaban makaranta ne a birnin Landan, ya rubuta ɗan littafi mai suna Flatland. Labarin wasu halittu ne da ke zaune a shimfiɗe kamar zane a takarda, ba su san sama ba, ba su san ƙasa ba. Da wata ƙwallo ta ratsa ƙasarsu, abin da aka gani shi ne da'ira tana girma, tana raguwa, ta ɓace. Ashe ɗaya daga cikin waɗanda suka fara baza wannan tunani ga jama'a mai hidimar ikkilisiya ne da alli a hannunsa, ba boka ba.

Wanda ya mai da tunanin abin tsoro shi ne H. P. Lovecraft, marubucin Amurka da aka haifa a 1890, ya mutu cikin talauci a 1937. Daga wani gajeren labarinsa Stuart Gordon ya shirya fim ɗin From Beyond a 1986. A ciki wani masani ya ƙera na'ura mai motsa wata 'yar tsoka da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa, sai mutum ya fara ganin halittu suna iyo cikin iska, su ma suna ganinsa. Tsokar nan tana nan da gaske, girmanta kamar ƙwayar shinkafa, amma aikinta shi ne taimakon jiki ya san lokacin barci. Sauran duk ƙirƙira ce.

A dubi kuma yadda ake yin dodannin. Don Coscarelli bai cika shekara 30 ba sa'ad da ya fitar da Phantasm a 1979, labarin wani dogon mutum mai shirya gawa, wanda yake matse matattu su zama wadanni, ya tura su bauta a wata duniya. Kuɗin aikin kaɗan ne, mahaifinsa ya ba da hannu, mahaifiyarsa ta taya da sutura da kwalliya. A cikin Hellraiser, wanda Clive Barker ya yi a Ingila a 1987, akwai wani mai ƙusoshi a kafe a kansa. Sunan mutumin Doug Bradley, abokin Barker ne tun suna makaranta a Liverpool. Yakan zauna sa'o'i a kujera ana manna masa roba a fuska, in an tashi aiki a ɓare ta, ya wanke fuska ya tafi gida. Wane irin aljani ne ake shafa wa hoda da safe, a biya shi ladan aiki?

Annabi Ishaya, a sura 44, ya yi wa wani masassaƙi ba'a. Mutumin ya sare itace, ya dafa abinci da rabi, ya sassaƙa gunki da sauran, sa'an nan ya durƙusa masa. Wanda yake rawar jiki a gaban roba da fenti ya kusa zama ɗan'uwan masassaƙin nan, gama shi ma ya ɗauki aikin hannun mutum ya ba shi ikon da ba shi da shi. Littafi Mai Tsarki bai musunta mugayen ruhohi ba. Amma bai koya wa kowa ya neme su a cikin kaset ba.

Wannan koyarwa tana ɓarna iri biyu. Ta farko, ƙaramin yaron da ya leƙa fim ya tsorata, aka kuma ce masa aljani ya bi shi, an ninka masa tsoro. Dā mafarki ne na dare ɗaya, yanzu ya zama yana shakkar kansa, har wasu su fara nuna shi da yatsa. Ta biyu ta fi muni. Saurayi mai waya a hannu yana iya ganin hoton Doug Bradley ana manna masa robar. Ran da ya gane dattijon ikkilisiya ya yi kuskure a kan wannan, sai ya fara auna sauran maganganunsa da mudu ɗaya. Wanda ya sayar maka da hatsi da tsakuwa sau ɗaya, ko zinariya ya kawo sai ka gwada ta.

Ɗaya daga cikin fina-finan ma ya zana wannan hali. A The Mist, wanda Frank Darabont ya shirya a 2007 daga labarin Stephen King na 1980, gwajin sojoji ya buɗe ƙofar wata duniya, hazo ya rufe gari, mutane suka maƙale a cikin wani babban kanti. Wata mace da ake kira Carmody ta ɗauki Littafi ta yi ta wa'azin tsoro, har jama'a suka jefa wa dodanni wani soja, daga baya suka nemi a ba da ƙaramin yaro hadaya. Mai bi yana iya jin haushin yadda aka nuna ta. Ya fi kyau ya tambayi kansa ko akwai irinta a kusa.

Kada wani saurayi ya yi murna ya ce an wanke masa abin kallonsa. Ba a wanke ba. From Beyond da Hellraiser cike suke da jini da tsiraici, a Ingila kuwa an hana 'yan ƙasa da shekara 18 kallon Hellraiser. In ƙasar da aka yi fim ta sa masa iyaka, uban da ya bar ɗan shekara 9 yana kallo ba shi da hujja.

Akwai kuma abin da ya fi jini haɗari, wanda masu farautar aljanu ba su taɓa ambata ba. Lovecraft bai gaskata da Allah ba. Abin da labarunsa ke koyarwa shi ne sararin sama ba shi da Mai shi, mutum ƙura ce da ba wanda ya damu da ita, wanda kuma ya san gaskiya sai ya haukace. Ya raina baƙar fata ƙwarai, har a 2015 masu ba da wata babbar lambar yabo ta marubuta suka daina amfani da siffarsa. Irin wannan yanke ƙauna ita ce ƙarshen The Mist. Man mota ya ƙare, mutum biyar a ciki, harsashi huɗu. Uban ya harbe sauran huɗun, har da ɗansa, don kada dodanni su ci su. Ba a jima ba hazo ya washe, sojoji suka iso. Ga abin da ya kamata fasto ya zauna da matasa a kansa: me ya sa mutumin ya kasa jira, kuma me mai bi yake da shi da zai riƙe shi a irin wannan sa'a? Bangaskiyar Kirista tana da amsa, gama tana cewa Mahaliccin abin da ake gani da wanda ba a gani ya san kowane mutum da sunansa.

Saboda haka aikin iyaye da malaman makarantar Lahadi a bayyane yake. Su hana ƙanana abin da ya fi ƙarfinsu, su faɗa musu dalilin gaskiya. Yaron da ya riga ya gani, a nuna masa yadda ake yin dodon, a yi addu'a da shi, ya kwanta. Manyan matasa kuwa a tambaye su abin da labarin yake cewa game da mutum da Allah, a saurari amsarsu. Dattijon da bai san abin ba ya ce bai sani ba, wannan ba ya rage masa girma. Ikkilisiya ba ta da abin da ya fi mata tsada kamar yardar 'ya'yanta cewa bakinta na gaskiya ne, bai kuwa kamata ta sayar da wannan saboda ɗan guntun roba ba.