Rufin haƙori: Kafin a kankare, a tambayi yadda za a rayu da shi

A 'yan shekarun nan, fararen haƙora jeras sun zama abin yayi a Instagram da TikTok. Mawaƙa da 'yan fim da 'yan ƙwallo ne suka fara, yanzu amare da matasa masu abin hannu sun bi sahu. Da yawa daga cikin irin waɗannan haƙora rufi ne aka yi musu, wanda likitoci ke kira biniya, wato wani siririn ɓawo da ake liƙawa a fuskar haƙoran gaba.

Wani likitan haƙori a Kalifoniya ta Amurka, Charles Pincus, shi ne ya ƙirƙiro shi a 1928 domin 'yan fim, kuma a lokacin da zarar an gama ɗaukar fim sai a cire. Na yau kuwa idan an liƙa, an liƙa ke nan.

Kafin a sa na tangaran, likita kan kankare kusan rabin milimita daga farin ɓawon haƙori, kuma wannan ɓawo ba ya sake tsirowa. Na tangaran kan yi shekara 10 zuwa 15, wanda ake yi da wani ƙulli mai kama da roba kuma shekara 5 zuwa 7, sannan a sake. Ke nan budurwa 'yar shekara 25 da ta yi domin bikinta za ta iya komawa wurin likita sau uku ko huɗu a rayuwarta, kuma kowane zuwa da kuɗinsa.

To, yaya ake ji da shi a baki? A kwanakin farko mutum kan ji haƙoran sun yi masa kauri, harshe ya yi ta taɓa su, wani ma harafin "s" kan gagare shi fita daidai. Ruwan sanyi ko shayi mai zafi kan sa haƙoran tsami. Yawanci wannan kan wuce cikin 'yan makonni, har mutum ya manta da akwai wani abu a bakinsa.

Abin da ba ya wucewa shi ne takatsantsan. Tangaran yana da ƙarfi, amma yana tsagewa. Likitoci kan hana gatsa abu mai tauri da haƙoran gaba, kuma a wurinmu jerin yana da tsawo: goro, rake, goruba, busasshiyar aya, gasasshiyar masara, ƙashin kaza, da yagar kilishi. Buɗe kwalba ko tsinka zare da haƙori kuwa an yi sallama da su. Mai cizon haƙora cikin barci sai ya riƙa kwana da robar kariya a baki.

Akwai kuma batun launi. Na roba kan rine da goro da shayi da taba. Na tangaran ba ya rinewa da sauƙi, amma sauran haƙoran da ke gefensa suna canzawa, sai bambancin ya fito. Haƙorin da ke ƙarƙashin rufin kuma yana iya ruɓewa idan aka yi sakaci da burushi da sakace, musamman a bakin dasashi.

Babban haɗarin yana wurin neman araha. Wasu da suka je Turkiyya da niyyar sa biniya sun dawo da hular haƙori, wadda sai an fere haƙorin ta kowane gefe ya koma ɗan tsigi kafin a kifa ta. A 2024 ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ta gargaɗi jama'a kan masu sa biniya ba tare da lasisi ba. Ya kamata hukumar MDCN, mai yi wa likitoci rajista a Najeriya, ta sa ido kan masu tallar wannan aiki a intanet tun kafin ɓarna ta yi yawa.

Rufin haƙori yana da ranarsa. Wanda haƙorinsa ya gutsure, ko ya rine tun yana yaro har yana jin kunyar dariya cikin mutane, zai iya samun sauƙi na gaske. Damuwarmu ita ce masu lafiyayyun haƙora da ke miƙa su a kankare saboda hoto, har da masu toshe wushirya, abin da mawaƙanmu suka daɗe suna yabo.

Duk mai niyya ya tambayi likita abu huɗu: biniya ne ko hula? Nawa za a kankare? Shekara nawa zai yi? Idan ya tsage, wa zai gyara, kuma a kan nawa? Ya kuma tambaya ko wankin haƙori ko sa waya zai wadatar. Likitan da ya ƙi tsayawa ya amsa, a bar masa kujerarsa, kada garin neman gira a rasa ido.