Maganin Ciwon Sanyi da Kumburin Huhu: Abin da Ya Kamata Ku Sani

A watan Afrilun 2023 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya, MHRA, ta sake gargaɗin likitoci kan nitrofurantoin, bayan rasuwar wani majiyyaci da huhunsa ya lalace. Gargaɗin ya shafe mu, domin ƙwayoyin cutar mafitsara suna ƙara bijire wa Septrin da cipro, shi ya sa likitoci ke yawan rubuta nitrofurantoin.

Magani ne mai kyau, kuma ba kasafai yake taɓa huhu ba. Idan ya taɓa, alamun kan bayyana cikin sa'o'i ko 'yan kwanaki: busasshen tari, zazzaɓi, ciwon ƙirji da haki. Wanda ya yi wata 6 ko fiye yana sha kuwa, huhunsa na iya yin tabo a hankali.

Matsalarmu a Dagumawa da kewayen Wudil ita ce saye a kemis ba takardar likita. Idan tari ya taso, sai a ce hunturu ne ko nimoniya, a ƙaro wani maganin, alhali ana ci gaba da shan wanda ya jawo ciwon.

Idan kun ga waɗannan alamu, ku dakatar da shi, ku je Babban Asibitin Wudil a ranar, da kwalin maganin a hannu. Yawanci sauƙi kan samu cikin kwanaki kaɗan. Ku riƙe sunansa, kada ku sake shan sa. Fitsari ya yi duhu lokacin shan sa kuwa ba abin tsoro ba ne, sai fa idan ido ya yi rawaya.