Rufe iyakar Jibiya da tambayar da ƙungiyoyin ƙwadago ba su amsa ba

Sau biyu cikin shekara biyar aka garƙame iyakar Jibiya da ke Jihar Katsina. Na farko shi ne a watan Agustan 2019, lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa na tudu da nufin daƙile fasa-ƙwauri, musamman na shinkafa. An buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020, amma ƙofar Jibiya ta ci gaba da zama a kulle har Afrilun 2022. Na biyu ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, inda ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, ba a sake buɗe hanya ba sai a Maris ɗin 2024.

A Bugaje da sauran mazaɓun ƙaramar hukumar, waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu sanannu ne: direbobin da ke jigila tsakanin Katsina da Magama da Ɗan Isa da Maraɗi, 'yan dako, 'yan kamasho, 'yan kabu-kabu, 'yan canji da matan da ke sayar da abinci a tasha. Umarnin da Hukumar Kwastam ta bayar a Nuwambar 2019 na hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka ya ƙara jefa yaran gidajen mai cikin sahun marasa aiki.

Duk waɗannan ma'aikata ne, da guminsu suke ci. Amma ba a yi yajin aikin gama-gari ko na yini ɗaya ba saboda rufe musu hanyar abinci. Da ƙungiyoyin NLC da TUC suka tsayar da ƙasa cak a ranar 3 ga Yunin 2024, har aka kashe babban layin wutar lantarki, maganar mafi ƙarancin albashi ce ta kai su. An samu Naira 70,000 a watan Yuli, sai dai dokar ba ta hau kan wanda ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, kuma ba ta shafi mai aikin kamasho ko na jinga ba. Wato ɗan dakon Magama ba ya ciki.

Wannan giɓi shi ne abin da wata tsohuwar mazhabar tunani a harkar ƙwadago ta daɗe tana nunawa da yatsa.

Sandika da aƙidar da ta samo suna daga gare ta

A tsallaken iyaka, Bamaraɗe yana kiran ƙungiyar ma'aikata ko ta direbobi da sunan sandika, kalmar da aka aro daga Faransanci. Daga ita ne aƙidar sandikanci ta samo sunanta. Ta yi ƙarfi a Faransa a farkon ƙarni na 20, inda ƙungiyar CGT ta amince a taronta na garin Amiens a 1906 cewa ƙungiyar ƙwadago za ta tsaya da ƙafarta, ba tare da ta zama 'yar amshin shatan wata jam'iyya ba. A Amurka an kafa IWW a Chicago a 1905, a Sifaniya kuma CNT a 1910.

Sandikanci 'yar uwa ce ga aƙidar da Turawa ke kira anakizim, wadda ke ganin cewa gwamnati, ko ta wace jam'iyya ce, makami ce a hannun masu dukiya, don haka al'umma ta tafiyar da kanta ta hanyar shawara da taimakon juna. Abin da 'yan sandikanci suka ƙara shi ne hanya. A wurinsu ƙungiyar ƙwadago ce makarantar da talaka zai koyi mulkin kansa, yajin aikin gama-gari ne babban makaminsa, kuma ma'aikata ne za su riƙe masana'antu da sufuri a ƙarshe. Sharuɗɗansu uku ne: hukunci ya fito daga taron mambobi, a iya tsige wakili a duk lokacin da ya kauce, sannan ƙungiya ta haɗa kowane ma'aikaci ba tare da duba ƙabila ko ƙasa ko irin takardar ɗaukar aikinsa ba.

Sawunta a Afirka

Aƙidar ba baƙuwa ba ce a nahiyar. A Masar, ma'aikata 'yan asalin Italiya da Girka sun shigo da ita Iskandariyya da Alƙahira tun ƙarshen ƙarni na 19. A Afirka ta Kudu, 'yan sandikanci ne suka taimaka wajen kafa Industrial Workers of Africa a Johannesburg a 1917, wadda ake ɗauka a matsayin ƙungiyar ƙwadago ta farko ta baƙaƙen fata a ƙasar. Ƙungiyar ICU da Clements Kadalie ya kafa a Cape Town a 1919 ta ɗauki ra'ayin babbar ƙungiya guda ga kowa, ta haɗa ma'aikatan tashar jiragen ruwa da 'yan ƙodagon gona, har mambobinta suka kai kusan 100,000 a 1927, kafin rikicin shugabanci ya wargaza ta.

A Najeriya, ƙungiyar Awareness League mai cibiya a Inugu ce ta ɗauki wannan tuta a zamanin mulkin soja, ta kuma shiga ƙungiyar 'yan sandikanci ta duniya a 1996. Biyu daga cikin mambobinta, Sam Mbah da I. E. Igariwey, sun wallafa littafin African Anarchism a 1997. Hujjarsu ita ce al'ummomin Afirka da dama sun rayu ba tare da gwamnati ta tsakiya ba, ƙasa ta gari ce, aiki na haɗin gwiwa ne, kuma gwamnatocin bayan 'yancin kai, har masu iƙirarin gurguzu, sun gaji kayan danniyar Turawa ne suka ci gaba da amfani da su.

Sukar da ta samu gurbi

Tarihin ƙwadago a Najeriya ya ba masu wannan ra'ayi abin kafa hujja. Yajin aikin 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta, wanda ya haura kwana 40, daga ƙasa ya taso, bayan wasu shugabanni sun nemi a ɗage shi. NLC ta yau kuwa dokar soja ce ta 1978 ta tsara ta: gwamnatin Obasanjo ta narkar da ɗaruruwan ƙananan ƙungiyoyi zuwa 42, ta haramta wa wasu tsofaffin jagorori, ciki har da Imoudu, riƙe muƙami, ta kuma tanadi cire kuɗin ƙungiya kai tsaye daga albashi. Tsarin ya ba ƙungiyoyi kuɗi da ofisoshi, amma ya ɗaure su da mai takardar albashi. Hannun da ya gina ya kuma iya rushewa: Babangida ya rushe shugabancin NLC a 1988, Abacha ya maimaita a 1994.

Misalin da aka fi kawowa shi ne na Janairun 2012. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ɗaga litar fetur daga Naira 65 zuwa 141, yajin aiki ya fara ranar 9 ga wata, jama'a suka cika tituna daga Legas har Kano. Ranar 16 shugabannin ƙwadago suka janye bayan gwamnati ta sanar da Naira 97, alhali masu zanga-zanga da yawa na neman a koma 65. Ga ɗan sandikanci, matsalar ba ta halin mutum ɗaya ba ce. Duk tsarin da ya bar wa mutane ƙalilan a Abuja ikon kunna yaji da kashe shi, haka zai riƙa haifarwa. A Marikana ta Afirka ta Kudu ma, ma'aikatan ma'adinai 34 da 'yan sanda suka harbe ranar 16 ga Agustan 2012 suna yaji ne a ƙarƙashin kwamitin da suka zaɓa da kansu, bayan sun yanke ƙauna daga ƙungiyar NUM, ƙawar jam'iyya mai mulki.

Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna cewa sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Najeriya ba sa cikin tsarin albashi na hukuma. Ƙungiyoyin sufuri irin su NURTW suna tasha, amma a cikinsu mai mota da direban haya da ɗan kamasho duk suna inuwa ɗaya, alhali buƙatunsu sun sha bamban. Sannan kowace ƙungiya tana tsayawa ne a inda tutar ƙasarta ta tsaya. Direban Jibiya da na Maraɗi kaya ɗaya suke ɗauka, shingaye iri ɗaya suke biya, harshe ɗaya suke yi, kuma Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi. Duk da haka, da aka rufe iyaka, kowa kukansa ya yi shi kaɗai.

Inda aƙidar ta yi tuntuɓe

Sai dai wanda ya je Bugaje da wa'azin rushe gwamnati zai sha kallo. Yankin ya shafe shekaru yana fama da 'yan bindiga, an tashi ƙauyuka, an bar gonaki, an biya kuɗin fansa. Abin da mutanen wurin suka gani shi ne idan hukuma ta janye, mai bindiga ne ke maye gurbinta, har ya ɗora wa manomi haraji kafin ya yi shuka ko girbi. Kukansu shi ne hukuma ta zo ta yi aikinta, ta daina tsayawa a shingen karɓar na-goro kawai.

Hujjar Mbah ma ba ta zauna daram a ƙasar Hausa ba. Akwai gayya, akwai adashi, akwai tsarin sarkin pawa da sarkin maƙera da ke sasanta 'yan sana'a. Amma Katsina ta yi ɗaruruwan shekaru da sarauta da haraji da alƙalai. Gwagwarmayar talakawa a nan ta bi hanyar jam'iyya ce: NEPU daga 1950, sannan PRP, wadda gwamnoninta Abubakar Rimi da Balarabe Musa suka soke haraji da jangali bayan sun hau mulki a 1979. Gwamnatin Rimi ce ta ayyana 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a Kano a 1980, shekara guda kafin Gwamnatin Tarayya. A Nijar, yajin aikin ƙungiyar USTN da zanga-zangar ɗalibai a 1990 su suka tilasta wa gwamnatin Ali Saibou amincewa da jam'iyyu da yawa da taron ƙasa na 1991. A duka ɓangarorin biyu, ma'aikata sun yi amfani da ƙarfinsu ne wajen lanƙwasa gwamnati, kuma sun ci ribar hakan. Awareness League kuwa ta dusashe bayan komawa mulkin farar hula a 1999.

Abin da ya rage a ɗauka

Ba sai an karɓi aƙidar gaba ɗaya ba kafin a amfana da tambayoyinta. Wa ke yanke hukuncin fara yaji da janye shi? Wa ake lissafawa a matsayin ma'aikaci? Ina iyakar ƙungiya take? An fara taɓa ta biyu da kafa ƙungiyar FIWON ta masu ƙananan sana'o'i a 2010, amma tasirinta bai kai ga teburin da ake yanke albashi da manufofin iyaka ba.

Ta uku ce ta fi gaggawa a Jibiya. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, abin da ke nufin zirga-zirgar da yarjejeniyar yanki ta tabbatar a da yanzu ta rataya ne a kan yardar gwamnatoci biyu da ba sa ga-maciji sosai. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma zai ratsa Jibiya. Ranar da jirgi ya fara ɗaukar kayan da tireloli ke ɗauka, aikin direba da ɗan dako zai sauya, kuma za a raba sabbin guraben lodi da sauke kaya. Idan har zuwa lokacin 'yan dako da direbobin Magama da Ɗan Isa ba su da kwamiti guda da suka zaɓa da kansu, mai asusun tallafi da bakin magana a ɓangarorin biyu, to za a yanke makomarsu ne a Abuja da Yamai ba tare da an tambaye su ba, kamar yadda aka yi a 2019 da 2023.