Gogen da Ba a Gogawa Itace Ne Kawai

A birnin Oxford na Ingila akwai wani gogen Turawa, irin wanda suke kira biyolon, a kulle cikin akwatin gilashi a gidan tarihi na Ashmolean. Antonio Stradivari ne ya sassaƙa shi a 1716, ana kuma yi masa laƙabi da Messiah. Masana sun ce a duk abin da ya rage na aikin hannun mutumin nan babu wanda ya kai shi zama sabo fil, domin a cikin shekara 300 da ɗoriya da ƙyar aka ɗora masa izga. Mutane na biyan kuɗin jirgi su je su tsaya gabansa, su ƙare masa kallo, su fita ba su ji ko ƙis ba. Masu shi na kiran wannan adanawa. Ni a wurina jana'iza ce aka yi wa ado, kuma ina tsoron mun fara koyon irin wannan jana'izar a ƙasashenmu.

Bari in fara da abin da aka yi gogen dominsa. Turawa na da wani nau'in kiɗa da suke kira kiɗan ɗaki, wanda da Bahaushe ne ya raɗa masa suna da ya ce kiɗan zaure. Makaɗa ƙalilan ne, daga biyu zuwa takwas ko tara, kowa da muryarsa shi kaɗai, babu mai tsayawa gabansu da sanda yana ba da umarni. Mafi shahara shi ne na mutum huɗu: goge biyu ƙanana, ɗaya matsakaici mai kaurin murya, da babba wanda ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. Joseph Haydn, wanda ya yi kusan shekara 30 yana wa gidan sarautar Esterházy kiɗa, ya tsara irin wannan har 68, Mozart da Beethoven suka ɗora a kai. Marubucin Jamus Goethe ya kwatanta shi da hirar mutum huɗu masu hankali. Kwatancen ya dace. Wannan ya faɗa, wancan ya amsa, na uku ya yi gyaran murya, na huɗu ya riƙe zaren zance kada ya ɓace. Wanda bai iya saurare ba bai iya wannan kiɗa ba, ko da yatsunsa sun fi walƙiya sauri. Don wannan hira aka sassaƙa waɗannan itatuwa.

To me ya same su? Kasuwa ta same su. Stradivari ya rasu a 1737 a garin Cremona na Italiya, bayan ya yi kayan kiɗa sama da 1,000, waɗanda kimanin 650 suka rage. Abin da ba ya ƙaruwa kuma kowa na so, attajirai ba sa barinsa. A 2011 an yi gwanjon wani gogensa na 1721 mai suna Lady Blunt a kan fam miliyan 9.8, wato sama da sefa biliyan 7 a canjin lokacin. Kuɗin ya tafi ga agajin waɗanda girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka afka wa a Japan, wannan kuwa abin yabo ne. Amma a duba dalilin tsadar. Lady Blunt ya yi wannan kuɗi ne saboda, kamar Messiah, ba a cika kaɗa shi ba, fentinsa bai goge ba, gumin makaɗi bai ci shi ba. Ke nan a wannan kasuwa, gogen da ya fi yin shiru shi ya fi daraja. Kamar a ce dokin da ya fi tsada a garin shi ne wanda tun haihuwarsa yana turke, ba a taɓa ɗaura masa sirdi ba. Makaɗin da ya ba da rayuwarsa ga sana'ar ba zai iya sayen irin wannan goge ba. Sai dai banki ko gidauniya ko wani mai kuɗi ya ara masa, ya kuma karɓe ranar da ya ga dama.

Masu kare wannan tsada suna da amsa a shirye: da tsohuwar zuma ake magani. Wai akwai wani sirri a hannun Stradivari, ko a fentinsa, ko a itacen da ya samu, wanda ba mai sassaƙa na yau da zai kamo. An gwada wannan magana. A 2010, a birnin Indianapolis na Amurka, wata mai binciken sauti ƴar Faransa, Claudia Fritz, da wani masassaƙin goge, Joseph Curtin, sun tara ƙwararrun makaɗa 21 a ɗaki mai duhu-duhu. Aka sa musu baƙin tabarau irin na masu walda, aka ɗiga turare a jikin kowane goge don kada hanci ya gane tsohon itace, aka ba su shida su gwada: uku sababbi, uku tsofaffi na Stradivari da Guarneri. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai so ya tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo, kuma wanda aka fi ƙi na Stradivari ne. Aka yi ta ƙorafi cewa ɗakin otal ba wurin gwaji ba ne. Sai suka sake a 2012 a Faransa, da manyan makaɗa 10 da goge 12, har da zauren kiɗa na gaske. Shida suka zaɓi sabo, kuma da aka ce su bambanta tsoho da sabo, ba su fi mai canki-canki ba.

Akwai kuma abin da dillalai ba su cika son faɗi ba. Kusan duk gogen Stradivari da ake kaɗawa yau an yi masa gyara. A ƙarni na 19, da zaurukan kiɗa suka ƙara girma aka buƙaci ƙara mai ƙarfi, sai aka tsawaita wuyansu, aka karkatar da shi baya, aka canja sandar da ke tallafe da cikinsu. Tsirkiyar da a zamaninsa ake murzawa daga hanjin tumaki ta koma ta ƙarfe da ta roba. Izgar ma wata ce dabam, irin wadda François Tourte ya daidaita a Paris shekaru da dama bayan rasuwar Stradivari. Shi kansa Messiah bai tsira ba, dillalin Faransa Vuillaume ya taɓa shi. Da za a tashi tsohon a ba shi ya saurari abin da ake cewa sautinsa ne, ina shakkar ya gane shi.

Kada a ce na ƙi tsofaffin kaya. Na yarda kaɗawa tana cinye itace, gumi na ɓata fenti, hatsari kuma ba ya sallama. Na yarda masu sassaƙa suna buƙatar samfuri ɗaya ko biyu da za su auna su koya, kuma don haka ne iyalan Hill, dillalan goge na Landan, suka ba da Messiah ga gidan tarihi. A bar musu wannan ɗaya. Abin da nake ƙi shi ne a mai da togaciya ta zama doka, a riƙa auna darajar kayan kiɗa da yawan shekarun da ya yi bai yi magana ba.

Su kansu Turawan akwai waɗanda suka gane. Wata baiwar Allah mai suna Gertrude Clarke Whittall ta ba ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka kayan Stradivari biyar tun daga 1935, ta gindaya sharaɗin a riƙa kaɗa su mutane na ji, ta kuma bar kuɗin yin hakan. Ƴan huɗun Budapest suka riƙe su daga 1940 zuwa 1962, na Juilliard suka karɓa. A Genoa, gogen Paganini na 1743 yana ajiye a fadar birni, amma akan fito da shi a ba gwanaye su kaɗa. A Cremona kuwa, wani dattijo mai suna Andrea Mosconi ya yi kusan shekara 30 aikinsa shi ne ya zo da safe ya kaɗa kowane tsohon goge na garin na ƴan mintoci. Abin da ya fi wannan duka, garin yana da shagunan masu sassaƙa goge fiye da 100 da makarantar koyar da sana'ar. Wannan ne adanawa, domin hannun da ke yi yana nan yana haihuwar wasu hannuwa.

Darasin da ya fi damuna yana cikin labarin wani kayan kiɗa da ake kira biyola da gamba, mai tsirkiya shida ko bakwai. A fadar Sarki Louis na 14 babu kamarsa, Marin Marais ya rubuta masa littafi biyar na kiɗa. Bayan rasuwar babban gwaninsa na ƙarshe, Carl Friedrich Abel, a 1787, sai ya shiga ɗakin ajiya. Kayan suna nan lafiya lau, masu kaɗawa ne suka ƙare. Da aka tashi farfaɗo da shi bayan kusan shekara 100, sai da Arnold Dolmetsch da waɗanda suka biyo shi suka koma ga tsofaffin littattafai da zane-zane suna laluben yadda ake riƙe izga. Nikolaus Harnoncourt da matarsa Alice, da suka kafa ƙungiyar kiɗa da kayan dā a Vienna a 1953, sun yi shekara huɗu suna gwaji kafin su yarda su fito gaban jama'a. Sun sha wannan wahala duk da cewa kakanninsu sun rubuta musu kowane sauti a takarda.

Mu fa? Wa ya rubuta mana taken goge a takarda? Gurmi da garaya da molo da kukuma da kuntigi, ilminsu a yatsu yake da kunne. Ranar da mai shi ya kwanta dama ba tare da almajiri ba, abin da ya rage ƙoƙo ne da fatar guza da tsagiya, kuma asu da gara za su gama da su kafin a yi shekara goma. Mun ga yadda ta kusa kasancewa da biram, kayan kiɗan masuntan Buduma na tafkin Cadi, mai tsirkiya biyar da siffar kwalekwale. Ya rage a hannun dattijo guda, Bukar Tar. Marigayi Malam Maman Barka, wanda duk Nijar ta sani da gurminsa, ya samu tallafin UNESCO a 2002, ya tafi can ya zauna gabansa ya koya, daga baya ya kai biram har Turai. Da a ce abin da aka yi shi ne a sayi biram ɗin a rataye a bango da ƴar takarda a ƙasa, da yau ba wanda ya san muryarsa. Malam Barka ya rasu a 2018, kuma tambayar da ya kamata ta hana masu kula da al'adu barci ita ce yara nawa ne yanzu ke zaune gaban wani suna koyon biram. Imzad, gogen matan Abzinawa, shi ma ya kusa shiru, har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2013 da sunan Aljeriya da Mali da Nijar. Abin da ya fi takardar amfani shi ne makarantar da aka buɗe a Tamanrasset, inda tsofaffin mata ke koya wa ƴan mata.

A nan zan juyo ga sana'ata, don laifinmu ba ƙarami ba ne. A rana ɗaya ina saka waƙoƙi da dama, kuma yawancinsu da fiyano ɗaya da kwamfuta aka haɗa su, an danna maɓalli ya kwaikwayi goge, an danna wani ya kwaikwayi kalangu. Mai gogen gaske yana unguwar da ke bayan gidan rediyon, ba mai kiransa sai ranar bikin al'adu, a sa masa babbar riga, a ba shi minti biyar kafin jawabin babban baƙo, lasifika tana tsuwa. Idan ka kawo shawarar a ba shi rabin awa a mako, sai a tambaye ka wa zai ɗauki nauyin shirin. Ga kuma raini da ya daɗe: an haɗa goge da bori da gidan giya, har ɗan makaɗi yana ɓoye sana'ar ubansa a makaranta. Mutum ɗaya zai yi ta yaba wa Turawa kan yadda suke girmama Stradivari, shi ne kuma zai ce ƴarsa ba za ta auri ɗan mai kukuma ba.

Alhali irin wannan kiɗa rediyo ya fi dacewa da shi. Ba ya buƙatar dandali, ba ya buƙatar fitilu. A 2009 Ballaké Sissoko, mai kora ɗan Mali, da Vincent Ségal, mai babban goge ɗan Faransa, sun shiga ɗakin ɗaukar sauti na Salif Keita a Bamako, suka zauna su biyu suna sauraren juna, suka fitar da faifan da suka raɗa wa suna kiɗan ɗaki, duniya kuma ta karɓa. Ɗan Maraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya riƙe kunnen ƙasar Hausa shekaru da dama. Kowane gidan rediyo daga Yamai zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Difa, yana da ɗaki mai shiru da makirufo biyu. Abin da ake buƙata ke nan.

Saboda haka ga buƙatata, ga masu gidajen rediyo da ma'aikatun al'adu da masu hannu da shuni. Kuɗin da za a kashe wajen sayen akwatin gilashi a ba mai gurmi albashi ya koyar da yara uku. Duk gidan tarihin da ke da goge a rataye ya ware rana a wata da za a sauko da shi, a shafa wa izga ƙaro, a gyara masa jaki, a ba wanda ya iya. Kowace tasha ta ba makaɗan tsirkiya rabin awa a mako kai tsaye, a biya su kamar yadda ake biyan kowane ma'aikaci, a kuma ajiye abin da aka ɗauka da sunan mai kiɗa da garinsa da sunan wanda ya koya masa. Turawa suna da kuɗi da takardun da za su tashi matattun kayan kiɗansu bayan shekara 100. Mu ba mu da ko ɗaya, sai dattawan da suka rage, kuma ba za su jira kasafin kuɗin baɗi ba.