Taswirar da Ba Ta Faɗi Shekarunta Ba

Akwai wani shafi a manhajojin zana taswira na kwamfuta da kusan kowa ke tsallakewa. Ko QGIS mutum yake aiki da ita, wadda ake saukewa kyauta, ko ArcGIS ta kamfanin Esri da sai an biya, shafin yana nan. Masu sana'ar suna ce masa metadata, ni kuwa zan kira shi bayanan asali. Gurabe ne a jere suna jiran amsa: wa ya tattara wannan bayani, a wace shekara da wane wata, da wace na'ura, bisa wane ma'aunin awo, me aka gyara daga baya, wa aka yarje wa ya gani. Cike shi bai fi aikin rabin awa ba. Tun 2003 ma akwai ƙa'idar duniya a kansa, ISO 19115. Duk da haka, buɗe fayilolin da ke yawo tsakanin ofisoshi da ƙungiyoyi da ɗaliban jami'a, za ka tarar da guraben nan fayau, sai ka ce ba wanda ya taɓa aikin da hannunsa.

A ganina barin shafin nan babu komai cin amana ne. Na san kalmar tana da nauyi, kuma da gangan na zaɓe ta, domin wanda sakacin ke faɗa wa yana can fadamar Wurno ko wata tunga a ƙasar Rabah, bai ma san an taɓa sa shi a kwamfuta ba.

Manomin albasa a Goronyo ba ya sayen iri sai ya tambaya: na bana ne ko na bara? Ya san irin albasa ba ya jure ajiya, wanda ya kwana biyu rabinsa ba zai fito ba, alhali a tafin hannu duk baƙi ne iri ɗaya. Haka bayanin ƙasa yake a fuskar kwamfuta. Ɗigon da aka ɗauka makon jiya da wanda aka ɗauka shekara goma sha biyar da suka wuce launinsu ɗaya, girmansu ɗaya. Ba abin da ke raba su sai abin da aka rubuta a wancan shafi.

Ƙasarmu kuwa ba ta zama wuri ɗaya. Gulbin Rima yana cin gaɓa a nan ya zuba yashi a can. A watan Satumba na 2010 ambaliya ta mamaye garuruwa da gonaki daga Goronyo har zuwa Sakkwato, ta karya gadar da ke kai mutum Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk taswirar bakin gulbi da aka zana kafin wannan shekarar tana ba da labarin wani gulbi ne da ya riga ya canza. Ko a shekara guda ma, hoton tauraron ɗan'adam da aka ɗauka a watan Afrilu da na watan Satumba ƙasa biyu suke nunawa: a ɗaya fili ne busasshe da za a iya yanka filoti, a ɗayan ruwa ne har ƙugu. Idan mai zane bai rubuta watan ba, wani injiniya zai zo bayan shekara uku ya aza ajin makaranta ko ɗakin shan magani a tsakiyar tafki, kuma da zuciya ɗaya zai yi.

Dubi madatsar ruwa ta Goronyo kanta. An gama gina ta a 1984, kuma har yau adadin da ake maimaitawa shi ne tana ɗaukar ruwa sama da mita kubik miliyan 900. Wannan lissafin lokacin gini ne. Tun daga nan kowace damina tana kawo nata rabon na laka da yashi. A farkon 2018 ruwan ya ja baya ƙwarai har hankalin mutanen birnin Sakkwato da manoman rani ya tashi. Adadi irin wannan idan ya shiga jadawali ba tare da shekararsa ba, sai ya zama tamkar gaskiyar yau, a yi ta gina tsarin ban-ruwa a kansa.

Sai batun ma'auni, wanda ya fi kowanne ɓoyuwa. Tsofaffin taswirorin safiyo na Nijeriya an yi su ne bisa ma'aunin Minna, wayoyinmu da na'urorin GPS kuma suna aiki da WGS 84. A yankinmu bambancin da ke tsakaninsu ya kai wajen mita tamanin. A daji wannan ba komai ba ne. A fadama, inda kadada ɗaya kan rabu tsakanin magada da yawa, mita tamanin gonar wani ce sukutum. Ƙari a kan haka, layin digiri shida na gabas ya ratsa gabashin jihar Sakkwato: garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo suna shiyya ta 31 a tsarin UTM, Isa da Sabon Birni suna ta 32. Wanda ya haɗa bayanan ɓangarorin biyu bai duba ba, sai ya ga gari ya yi tsalle ya faɗa wata ƙasa. Wannan kuskuren ma da sauƙi, tunda ido na ganinsa. Na mita tamanin ɗin shi ne mugu, don taswirar za ta fito tsaf, da kibiyar arewa da tambari, a buga ta a kai gaban hakimi ko alƙali.

Abin haushin shi ne yadda bayanin ke ɓacewa cikin sauƙi. Fayil ɗin da aka fi yawo da shi, wanda ake kira shapefile, tarin ƙananan fayiloli ne masu suna ɗaya. Wanda ke ɗauke da ma'aunin awon ɗan mitsitsi ne, sunansa na ƙarewa da prj. Mutum na sauri zai tura wa abokin aikinsa uku ta WhatsApp ya bar na huɗun. Wanda ya karɓa ya buɗe, manhaja ta tambaye shi ma'auni ko ta nuna masa alamar tambaya, shi kuma ya zaɓi wanda ya saba da shi ya wuce. Daga nan cinta ta zama hujja. A irin wannan tafiya ce kuma ƙugiyoyin haruffanmu ke zubewa, ƙ da ɗ su koma alamar tambaya ko wani gwaranci, wani ya zo ya “gyara” sunan garin yadda kunnensa ya ji. Ga sunaye masu maimaituwa: akwai Kagara a ƙasar Goronyo, akwai Kagara a jihar Neja, Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba a ƙirga su.

Kada a ɗauka ina kushe aikin taswira ne. Mun ga amfaninsa da idonmu. Kafin wajen 2012, masu rigakafin shan-inna a Arewa da zanen hannu suke fita, kuma ƙananan tungaye da rugage da yawa ba sa ciki, yaransu ba sa samun ɗigon. Da aka koma taswirorin da aka ciro daga hoton tauraron ɗan'adam, aka riƙa ba ma'aikata wayoyi masu nuna inda suka taka, wuraren da ake tsallakewa suka fito fili. Wannan na cikin abin da ya kai ga ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ƙwayar shan-inna ta daji a watan Agusta na 2020. Daga baya shirin GRID3 ya ci gaba da tara bayanan garuruwa da asibitoci da makarantu, kuma irin waɗannan manyan rumbuna sukan fito da bayanin asalinsu. Matsalar tana farawa ne bayan an sauke. Ana yanko ƙaramar hukuma ɗaya, a ƙara ɗigo goma, a goge biyar, a canza wa fayil suna, a miƙa gaba ba tare da kalma ɗaya a kan abin da aka taɓa ba. Kafin ya wuce hannu uku ba mai iya cewa wane ɗigo ne aka je aka gani, wane ne aka hango daga sama, wane ne wani ya ji a tasha.

Wannan bambancin ya fi nauyi a gabashin Sakkwato fiye da wurare da yawa, kuma kowa ya san dalili. A watan Yuli na 2018 ’yan bindiga suka afka wa Tabanni a ƙasar Rabah, waɗanda suka tsira suka kwarara Gandi. A watan Oktoba na 2021 aka kai hari kasuwar Goronyo. Tsakanin nan da yau garuruwa nawa suka watse, nawa suka dawo, nawa suka sake tashi? Rufin ɗaki yana nan a hoton sama ko da masu ɗakin sun yi shekara biyu a gudun hijira. Jerin garuruwan da ba shi da kwanan wata zai aika gidan sauro da takin zamani kufai, ya bar garin da ya karɓi baƙi ninkin mutanensa da kason da aka yanka masa tun kafin su zo. Yawan jama'ar ma da ke cikin jadawalin, tunda rabonmu da ƙidaya tun 2006, ƙiyasi ne. Ƙiyasi ba laifi ba ne in an faɗi cewa ƙiyasi ne, aka kuma faɗi yadda aka yi shi.

Ina tausaya wa yaron da aka ba waya da ɗan kuɗin mota aka ce ya je ya ɗauko ɗigon wani ƙauye da ko ’yan garin ba sa kwana a cikinsa. Ya isa bakin kwalta, mai babur ya ce daga nan ba ya gaba. Ya tsaya a gindin wata bedi, ya tambayi mai shayi sunan garin da yawan gidajensa, ya danna, ya juyo. Ban ga laifinsa ba, rai ya fi ɗigo. Laifin yana wurin da aka karɓi aikin aka shigar da shi kamar an taka ƙofar gidan mai gari. Akwai gurbin da aka tanada don tarihin bayani, jimla ɗaya ta isa: an ɗauki wannan daga bakin hanya saboda tsaro, ba a shiga garin ba. Sau da yawa abin da ke hana rubuta ta tsoron kada mai ba da kwangila ya ce aiki bai cika ba ne. To ashe shi ma mai ba da kwangilar yana da hannu, tunda ya nuna ya fi son taswira mai kyan gani a kan mai faɗin gaskiya.

Akwai kuma wanda ya wuce sakaci: a ɗauko aikin da aka yi shekaru da suka wuce, a buɗe shafin, a goge tsohuwar shekara a sa ta bana, a cire sunan waɗanda suka sha rana a sa na wanda ya sa hannu a takardar biya. Manhaja ba za ta hana ba, gyaran bayanan asali a buɗe yake ga duk mai fayil. Wannan shaidar zur ce, ko da ba a gaban alƙali aka yi ta ba.

Wurno da kanta tana da abin da za ta ce a wannan magana. A nan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗinsa, a nan ya rasu a 1837, a nan kabarinsa yake. A 1824 Baturen nan Hugh Clapperton ya bar fadarsa a Sakkwato da wata taswirar ƙasashen Sudan mai rubutun Larabci, aka buga ta a Landan a 1826 da sunan Bello. Yadda ta nuna mafitar kogin Kwara bai dace da abin da ’yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka tarar ba lokacin da suka bi kogin har teku a 1830. Masana tarihi sun daɗe suna muhawara a kai: iyakar labarin da matafiya suka kawo ke nan, ko kuwa dabara ce ta mai mulki da ba ya son nuna wa baƙo hanyar shigowa ƙasarsa? Ana iya wannan muhawarar ne don an san daga fadar wa ta fito, a wace shekara, kuma wa aka yi wa ita. Fayil ɗin da aka haɗa bara a wani ofis, da na'urorin da Bello bai taɓa gani ba, sau da yawa ba za ka iya yi masa ko ɗaya daga cikin tambayoyin nan ba.

Tambayar nan ta wa aka yi wa ita, tana da gurbinta a shafin, wato gurbin izini da iyakar amfani, kuma a yanayin da muke ciki bai kamata a bar shi babu komai ba. Taswirar da ke nuna mashayar dabbobi, da rumbunan hatsi, da hanyar da mata ke bi zuwa kasuwar Achida, da makarantar da ke da ɗakin kwana, ba abin sakawa a kowane zauren WhatsApp ba ce. Rubuta “kada a yaɗa” ba zai ɗaure hannun mugu ba, amma zai tsayar da mutumin kirki da zai tura ta cikin rashin sani, kuma irinsa sun fi yawa.

Malaman da ke koyar da wannan fanni a jami'a da kwalejojin kimiyya za su iya ƙin karɓar aikin ɗalibin da ya kawo taswira ba bayanan asali, kamar yadda ba sa karɓar kundin da ba manazarta. Hukumomi da ƙungiyoyin da ke ba da aikin awo a kwarin Rima za su iya sa shi cikin sharuɗɗan biya, su kuma daina hukunta wanda ya rubuta cewa bai samu shiga wani gari ba. Hakimai da kansiloli kuma, duk ranar da aka shimfiɗa musu taswira a kan tabarma ana maganar iyakar gona ko wurin haƙa rijiya, suna da ikon su ce a dakata, a fara gaya musu shekarar da aka yi awon da sunan wanda ya yi shi.