Kowa Ya Bar Gida, Gida Ya Bar Shi

'Yan'uwa talakawa, masu kasa kaya da masu rumfa, yau maganarmu a kan tamaula take. Kada wani ya ce wasan yara ne bai shafe shi ba. Ai 'ya'yanku ne ke buga ta da la'asar a filin makaranta da bayan kasuwa, ku ne kuma ke yin karo-karo a sayi ƙwallo da riguna. Saboda haka kuna da bakin tambaya: samarin nan da suka tashi a filayenmu suka tafi ƙasashen waje, me ya komo wa filin da ya raine su?

Tafiyar ba yau aka soma ta ba. A 1949 'yan wasan Nijeriya suka je Ingila, yawancinsu suna bugawa ba takalmi. A 1955 Teslim Balogun ya koma can yana wasa ana biyansa, daga baya ya komo gida ya zama mai koyarwa. A 1996, sa'ad da Nijeriya ta ci zinariya a Atlanta ta Amurka, akwai 'yan Kaduna a ciki: Daniel Amokachi, da Tijjani Babangida, da Garba Lawal, da Celestine Babayaro. Dukansu sun yi wasa a Turai, amma a gida suka koyi taɓa ƙwallo.

Ba mu hana kowa yabonsa. Ahmed Musa ya tashi a Jos, ya yi suna a Kano Pillars, ya tafi Holan a 2010, daga can Rasha, daga can Ingila. Ya gina wurin wasanni a Kano, ya komo ya buga wa Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024. Shehu Abdullahi na Sakkwato shi ma ya komo Pillars bayan shekaru a waje. Yaron da ya ga irin waɗannan a fili da idonsa, ya koyi abin da rediyo ba ta iya koya masa. Madalla da su.

Amma fa alherin mutum ɗaya ba ya riƙe ƙasa. Ɗan wasa ya zo hutu, ya sa kofi, ya raba riguna, aka yi kiɗa aka watse. Bayan wata guda filin yana nan da ramukansa, mai koyar da yara yana nan ba ko kwabo. Dubi Senegal. A 2003 waɗansu da suka yi suna a Faransa, watau Patrick Vieira da Bernard Lama da Jimmy Adjovi-Boco, suka haɗa kai da Saer Seck suka kafa makarantar Diambars, inda yaro ke karatu yana koyon ƙwallo. Daga nan Idrissa Gueye ya fito, yana kuwa cikin waɗanda suka ci wa Senegal kofin Afirka a 2022. Abin da ya raba wannan da kofin hutu shi ne ana buɗe ta kowace safiya.

To, ga abin da ya fi damunmu. Akwai kuɗin da ba kyauta ba ne, hakki ne. Tun 2001 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta yi doka: in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa kulob ɗin da suka koyar da shi daga shekara 12 zuwa 23. A 2016 Leicester ta sayi Ahmed Musa kan fam miliyan 16 ko abin da ya ɗara. Kashi 5 na wannan ya kai fam dubu 800. Ku 'yan kasuwa kun fi kowa sanin lissafi. A 2022 kuma FIFA ta buɗe ofis na musamman domin biyan irin kuɗin nan. Amma sai kulob yana da rajista, sai an rubuta yaron da shekarun da ya yi a can. Kulob ɗin unguwa da ba shi da littafi, ko shekara biyar ya yi yana ciyar da yaro, ba shi da shaida. Bashin da ba a rubuta ba, wa zai biya?

Sa'an nan ku yi hattara da dillalan ƙarya masu cewa a kawo kuɗin jirgi za su kai yaro Turai. Dokar FIFA ta hana a kai wanda bai cika shekara 18 ba kulob na wata ƙasa, sai bisa 'yan dalilai kaɗan, kamar iyayensa su ƙaura can. Kulob na gaskiya shi ke biya, ba uban yaro ba. Kada kowa ya sayar da rumfarsa ko gonarsa a kan alkawarin baka.

Abin da muke kira shi ne wannan. Kowane kulob na unguwa ya yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiharsa, ya sami littafi da magatakarda mai amana. Hukumomin su sauƙaƙa kuɗin rajista, su kuma bayyana wa jama'a abin da ya shigo daga waje da wanda aka ba. Masu mulki su bar filayen yara, kada a yanka su fuloti. Samarinmu na waje kuwa, su haɗa ƙarfi, su ɗauki albashin masu koyarwa da gyaran fili na shekara da shekaru, su kuma faɗi sunan kulob ɗin da ya raine su a inda faɗin zai yi amfani.

Ku kuma da ke ba da gudummawa ran kasuwa, in an zo karɓa, ku ce a nuna muku littafin tukuna. Allah ya sa masu kunne su ji.